REZA ƊAYA, KAI ƊAYA: MU BA MASASSAƘANMU AIKIN ƘOTA



Yau zancenmu na aski ne. Wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi, ku kuma aski ya dame ku? To a yi haƙuri a saurara. Babu gidan da aska ba ta shiga. Jariri ranar suna sai an yi masa aski. Yaro sai an yi masa kaciya. Magidanci kuwa in Juma'a ta zo sai ya gyara kai da saje. Abin da ke taɓa fatarmu tun muna da kwana 7 a duniya har mu tsufa bai kamata mu ɗauke shi wasa ba.

Mu fara da abin da ke cizo. Ciwon hanta irin wanda likitoci ke kira hepatit B yana bin jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayarsa tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7. Ke nan askar da ta ɗan ƙwarzani wani ranar kasuwa, aka goge ta da tsumma aka mayar cikin zabira, tana iya ɗaukar cutar har kasuwa mai zuwa. Wanda ya kamu tun yana jariri shi ne ya fi shiga haɗarin cutar ta zauna masa har girma. Wasa aska a dutse ko a fata yana ƙara mata kaifi, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Wannan ba zagin wanzamai ba ne. Yawancinsu sun gaji sana'ar ne kaka da kakanni, kuma da yawa daga cikinsu, musamman a birni, tuni suka koma karya reza biyu, kowane kai da nasa ɓarin.

Matsalar ita ce abin da ake sa rezar a ciki. Wasu da yatsu suke riƙe ta tsirara, su yanki kansu su yanki mai aski. Wasu suna sayen mariƙin roba na waje wanda ba ya wata uku ya karye. Mu kuma masu aski a gida mun koma wa rezar roba, a yi aski biyu ko uku a jefar. Ku duba magudanan ruwa da bola a unguwanninmu, za ku gan su, yara na tsinta suna wasa da su. Ƙasar da tun 2014 ta yi dokar hana ledoji saboda ɓarnar da suke yi wa dabbobi da gonaki, ga ta tana tara wata robar mai kaifi a baki.

Ra'ayinmu a nan shi ne: a ba masassaƙanmu da maƙeranmu aikin yin mariƙin reza da burushin kumfa na itace, masu ƙarko, wanzami ya mallaki nasa, magidanci ya mallaki nasa, reza kaɗai za a riƙa canzawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette shi ya samu takardar mallakar fasahar reza mai canzawa a 1904: mariƙi ya daɗe, ƙarfen yankan a jefar. Sai a 1975 kamfanin Bic na Faransa ya fito da wadda ake jefarwa gaba ɗayanta, ƙota da kai. Yau a ƙasashen Turawan ma akwai masu komawa ga tsohon yayi, kuma akwai masu sana'ar hannu da ke cin abinci da sassaƙa ƙotar reza da ta burushi, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon hannun mai saye. Mu da muke da masu sassaƙa turmi, akushi, allo da ƙotar hauya, me zai gagare mu a guntun itacen da bai wuce tsawon yatsa da rabi ba?

Aikin kansa ba wani boka ba ne. Ana neman busasshen itace mai tauri, a fere shi daidai riƙo, a goge da takardar yashi har ya yi sumul, a huda ƙarshensa a dasa ɗan ƙarfe mai murɗi wanda kan rezar zai hau. Burushi kuma rami ake yi masa a sama, faɗin kamar milimita 20 zuwa 24, a zuba gam mai ƙarfi, a dasa dunƙulen gashin. Daga nan sai a shafe itacen da abin da zai hana ruwa shiga, domin kayan aski kullum cikin ruwa da sabulu suke. Kanya, aduwa, marke, ƙirya, duk itatuwa ne da masassaƙanmu suka san halinsu. Maƙeran farfaru da ke zuba tagulla da azurfa su ma ga nasu rabon wajen zobe da kan ƙarfe, dukawa kuma su ɗinka kube.

Yanzu bari mu saurari masu ja, don suna da hujja.

Na farko zai ce na waje ya fi araha. Gaskiya ne a ranar saye. Amma lissafa abin da kake kashewa a shekara kan rezar roba, ka kwatanta da mariƙi ɗaya da za ka yi shekaru kana amfani da shi, kana sayen fakitin reza kawai. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuma mun ga yadda farashin kayan waje ya tashi bayan rufe iyakoki a 2023. Rezar kanta za mu ci gaba da shigo da ita, ba mu musa ba, amma duk abin da za mu iya yi da hannunmu, kuɗinsa gara ya tsaya a Zongo ko Sabon Gari.

Na biyu zai ce za a ƙarar mana da itatuwa. Wannan magana ce mai nauyi a ƙasar da hamada ke bin ta. Sai dai ƙotar reza ba turmi ba ce. Ragowar da ke zube a gaban kafinta, da rassan da manomi ke ragewa lokacin sassabe, sun isa. A yankin Maraɗi ne, tun wajen 1983, manoma suka rungumi dabarar barin kututture ya sake tofowa a gona, har ta bazu a miliyoyin eka. Reshe ɗaya daga irin wannan gona da zai tafi murhu zai iya ba da ƙota biyar.

Na uku, kuma shi ne ya fi muhimmanci, zai ce itace yana shan jini da ruwa, ba zai zama wani gidan cutar ba? E, in an yi aikin banza. Shi ya sa muka ce wurin da ke riƙe reza dole ya zama ƙarfe, mai kwancewa, a wanke shi a jiƙa a ruwan jabel bayan kowane mutum, itacen ya tsaya a hannu kawai. Haka gashin burushi. Yawancin na gargajiyar Turai da gashin wata dabbar daji ake yinsu, wadda Faransawa ke kira blaireau, wasu kuma da gashin alade, abin da Musulmi da yawa ba su sani ba lokacin saye. Kada kuma wani ya ce bari ya yanko jelar doki ya dasa haka nan: a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an samu sojojin Amurka da Ingila da suka kamu da ciwon saifa ta burushin gashin doki da ba a tsabtace ba. Gashin roba na zamani ya fi kwanciyar hankali, yana saurin bushewa, yana jure wanki.

To wa zai fara? Muna da cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai, da masu aiki a gidan tarihi na Boubou Hama, da cibiyoyin koyon sana'a a komin-komin, da asusun FAFPA mai tallafa wa horo. Muna kira gare su da su zaunar da Sarkin Aska, Sarkin Maƙera, masassaƙa da ma'aikatan lafiya a tabarma ɗaya, a fitar da samfuri guda mai inganci da sauƙin kuɗi, a koya wa matasa. Wanzami yana jin maganar sarkinsa fiye da ta rediyo, wannan mu da kanmu mun sani.

Kafin nan, ga abin da ke hannun kowa. In za a yi wa ɗanka askin suna ko kaciya, sayi sabuwar reza, a buɗe ta a gabanka, ba rashin kunya ba ne. Kai yaro allurar rigakafi a kan lokaci, domin akwai ta ciwon hanta a ciki. In kuma kana da maƙwabci masassaƙi, kai masa tsohon kan reza ka ce ya gwada yi maka ƙota, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.