Da tsohuwar zuma ake magani: talidomid da ciwon sankara

Masu karatu, a shekarar 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fitar da wata ƙwaya mai suna talidomid domin sa barci, aka kuma riƙa bai wa mata masu ciki saboda tashin zuciya. Kafin a janye ta a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a duniya da nakasa, da yawa hannuwansu ko ƙafafunsu ba su cika ba. Kowa ya ɗauka ƙwayar ta shiga kabari.

Amma a 1964 likita Jacob Sheskin ya gane a Kudus cewa tana kwantar da kumburi mai zafi da ke taso wa kutare. A 1994 masu bincike a Boston suka nuna tana hana sabbin hanyoyin jini tsirowa, alhali sankara ba ta girma sai da su. A 1999 likitocin Arkansas suka bayyana sakamakon gwaji a kan mutum 84 masu sankarar ɓargo waɗanda sauran magunguna suka kasa: kusan ɗaya cikin uku sun samu sauƙi. Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna a 2019.

Mene ne darasi? Tsohon magani an riga an san halinsa da illarsa, don haka gwajinsa bai kai na sabo tsada da daɗewa ba. Wannan babban abu ne ga ƙasashe matalauta. Sai dai araha ba ta zuwa da kanta: kamfanin da ya samu izinin sayar da talidomid a Amurka ya yi ta ƙara kuɗinta bayan an san amfaninta. Haɗarin ma bai gushe ba, domin a Brazil, inda ake bai wa kutare ita, an sake haihuwar ƴaƴa nakasassu.

Saboda haka nauyi biyu ne a kan mahukunta: su nemi maganin da rangwame, su kuma tsare shi a hannun likita. Talidomid tana rage ƙarfin sankarar ɓargo, ba ta raba mutum da ita. Gwaji ne ya tabbatar da amfaninta, ba jita-jita ba. Duk wanda ya ce muku wata ƙwayar kasuwa tana warkar da sankara, ku tambaye shi inda aka gwada ta.