Ramin Memori Ba Kayan Tarihi Ba Ne

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, domin toshe wa 'yan bindiga kafar samun bayanai. Watanni aka shafe waya ba ta kira a Zakka. Sai dai wayar da ke ɗauke da katin memori ba ta yi shiru ba: tafsiri da waƙoƙin Shata da ke cikinta ba su taɓa neman izinin turken sadarwa ba.

A shekarar nan ce kuma Samsung ya fitar da Galaxy S21 babu ramin memori. iPhone dama ba ta taɓa samunsa ba. Hujjar ita ce komai yana rumbun intanet, kuma abin takaici, 'yan bokonmu sun karɓe ta suna maimaitawa, kamar dai mutumin Zakka a Abuja yake kwana.

A duba abin da ake asara. Idan aka soka memori ko ƙaramar na'urar MP3 a kwamfuta, tana bayyana ne a matsayin faifai. A Linux, fayil ɗin /proc/mounts yana lissafa duk abin da aka jona, kowane kati kuma da lambarsa ta shaida. Ɗan rubutun umarni da bai kai layi goma ba ya isa ya nemo lambar, ya gano inda katin ya sauka, ya sa rsync ya kwafi abin da babu kawai. Ga mai turin waƙoƙi da jama'a suka yi wa layi ranar kasuwa, alhali inji na shan fetur, wannan kuɗi ne.

Android ta fara sauya wannan tsari tun 2011 da MTP, inda waya ba ta miƙa faifanta, sai dai ta riƙa ba da fayil ɗaya bayan ɗaya. Akwai dalili, gaskiya: a tsohon tsari waya da kwamfuta ba sa iya riƙe faifai lokaci guda. Amma mai turi yana da mafita, domin yakan zare katin ya soka shi kai tsaye. Ita ce ƙofar da cire ramin ke rufewa, kuma ba a tambayi kowa a bakin dajin Rugu ba kafin a rufe ta.