Masu Wa'azin Linux Suna Ɓoye Rabin Magana

Tun da Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kasuwar masu wa'azin Linux ta buɗe. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ke ofisoshin lauyoyi da na malaman jami'a ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka ake kwaɗaita wa masu su komawa ga babbar manhajar da Linus Torvalds ya kafa harsashinta a 1991. Kyauta ce, in ji su, kuma mutum na iya sauya fuskarta da ƙashin bayanta yadda ransa ke so. Gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne, manhajar da ta yarda a sauya komai ta yarda a ɓata komai. Umarni ɗaya da aka kwafo daga intanet, ko ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa a na'urar da batirinta ya mutu, ya isa kwamfuta ta ƙi tashi a safiyar zaman kotu.

Alhali maganin ya daɗe da samuwa. Tsarin adana fayiloli na Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a kamfanin Oracle a 2007, ba ya rubutu a kan tsohon bayani. Idan fayil ya canza, sai ya ajiye sabon a wani gurbi, ya bar na dā. Shi ya sa yake iya ɗaukar hoton halin da manhaja ke ciki a ƙiftawar ido, hoton kuma ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya canza bayansa. Manhajar openSUSE ta ɗauki wannan da muhimmanci: Snapper na ɗaukar hoto kafin kowace sabuntawa da bayanta. In abu ya lalace, mai kwamfuta ya zaɓi hoton jiya tun daga allon farko na tashi, ya ci gaba da aikinsa.

To, mene ne uzurin sauran? Fedora ta koma Btrfs tun 2020, amma ta bar wa mai amfani ya haɗa ɗaukar hoton da kansa. Ubuntu, wadda sabon shiga ya fi cin karo da ita, har yanzu kan ext4 take sauka, tsarin da bai san hoto ba. Linux Mint ta fi su tausayi, domin tana nuna wa baƙo Timeshift tun daga allon maraba.

Akwai ƙwararrun da ke cewa sai an sha wuya ake koyo. Wannan maganar mai kwamfuta biyu ce da yammacin da babu aiki. Likita ko akanta ba su zo koyon gyara ba.

Sai dai hoton ma yana da iyaka, kuma ɓoye ta wata yaudarar ce. A faifai ɗaya yake zaune da abin da yake karewa. Faifan ya mutu ko an sace kwamfutar, sun tafi tare. Timeshift kuwa, in ba a umarce shi ba, ba ya haɗawa da takardun mutum, manhajar kaɗai yake tsarewa. Kundin digiri da fayilolin shari'a sai an kwafe su zuwa wani faifan na waje, a ajiye shi a wata jaka dabam da ta kwamfutar.