HAƘORIN TALAKA MA HAƘORI NE

'Yan'uwa talakawa, manoman rani da 'yan kasuwa, maza da mata, a wannan mako za mu yi magana a kan abin da manya ke gani ƙarami ne, watau ciwon haƙori. Wanda bai taɓa kwana zaune ya dafe ƙunci ba, shi ne zai raina zancen.

Kwanan baya, ana tsakiyar ɗibar tumatir, wani ɗan'uwanmu daga ƙasar Bunkure ya shigo ofishin reshe ya ɗaure haɓa da rawani, da ƙyar ya ke buɗe baki. Ya ce da ciwon ya fara, kanumfari ya riƙa dannawa a kogon haƙorin, sa'an nan ya koma sayen ƙwaya a kemis. Da abin ya ƙi, sai ya tafi wurin mai awartaki a kasuwa. Aka ja, haƙori ya karye, saiwar ta zauna a ciki. Kwana kaɗan kumburi ya gangaro wuya, aka ɗauke shi sai birni. Kafin ya dawo gida ya sayar da buhunan shanshera da ya ajiye don iri, tumatir kuwa ya ruɓe a gona babu mai ɗiba. Ya dube mu ya ce, "Malam akawu, inshorar nan da mu ke ji a rediyo, ta su wa ce?"

To, wannan tambaya ta cancanci amsa a fili, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba.

Ga yadda abin ya faro. A 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, amma ba a soma aiki da ita ba sai 2005, zamanin Obasanjo, aka kuwa soma da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Ma'anar inshora ita ce a riƙa tara kuɗi kaɗan kaɗan tun ana lafiya, in ciwo ya zo a yi wa mutum magani daga cikin abin da aka tara. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, ita ma da masu albashi ta fara. Ran 1 ga watan Mayu kowace shekara ba mu manta ba ana ta jawabin ma'aikata, amma manomi ba ya cikin jawabin. Sai a 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta ce inshorar lafiya tilas ce a kan kowane ɗan Nijeriya, aka kuma yi alkawarin za ta kai ga matalauta miliyan 83.

Shin akwai haƙori a ciki? Akwai. A littafin ƙa'idojin da hukumar tarayya ta fitar a 2012, wanda aka daɗe ana aiki da shi, an rubuta cewa mai kati yana da haƙƙin a duba masa haƙora, a kankare masa dattin da ya daskare a jikinsu, a yi masa ƙaramar fiɗa a baki irin ta cire haƙori, a kashe jijiyar haƙorin da ya ruɓe a cike shi har guda 2, a kuma sa masa haƙoran roba har guda 4. Abin da aka ce babu shi ne sa wa haƙori hula, da haɗa gada a giɓi, da dasa sabo a cikin ƙashi, da wanke haƙora su yi fari don ado. In an rubuta wa ma'aikaci magani, kashi 10 cikin 100 na kuɗin ya ke biya.

Ba mu da ja da wannan jeri. Ba haƙorin Makka mu ke roƙo ba. Da ɗan'uwan nan namu yana da kati, da likita ne ya cire masa haƙorin da allurar kashe zafi, da irinsa na nan a ɗaki. Rigimarmu da Gwamnati a kan wanda ke samun katin ne.

Ku duba ƙofofin da aka buɗe. Ƙofa ta fari ta mai albashi ce. Shi ba ya ko motsawa, a takardar albashi a ke yanke rabonsa. A tsarin tarayya katinsa ya ɗauki shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya 4 na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Sauran sai ya ƙara kuɗi. Jama'a, gida nawa ne a Kura ko Garun Malam mai mutum shida cif? Wanda ya zana wannan ƙa'ida bai taɓa cin tuwon dare a zauren Bahaushe ba. Uwargida ce za ta shiga ko amarya? Wane uba ne zai jera 'ya'yansa ya ce ku huɗu haƙoranku na Gwamnati ne, sauran ku je ga mai awartaki?

Ƙofa ta biyu ta masu rauni ce. Dokar 2022 ta lissafa su: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki, tsofaffi, naƙasassu, da matalauta waɗanda ba su da komai. Su Gwamnati ce za ta biya musu. Tun 2014 ma dokar lafiya ta ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko. Madalla da wannan. Amma wa ke rubuta sunan matalauci, a ina a ke rubutawa, wa kuma ya ga takardar?

Ƙofa ta uku ta wanda zai biya da kansa ce, a dunƙule, kuɗin shekara guda. A 2020 aka buɗe wannan hanya a tsarin tarayya domin ƙungiyoyi da iyalai da ɗaiɗaikun mutane.

To, ina manomin Kadawa zai shiga? Ba shi da albashi. Shi ba yaro ba, ba tsoho ba, ba a kuma kiransa matalauci tunda an gan shi da kadada guda a bakin kanal. Kuɗinsa sau biyu ya ke zuwa a shekara, da kaka da ƙarshen rani, kafin su zo kuwa mai taki da mai maganin feshi sun riga sun yi layi. Haka matar da ke turara shinkafa a Kura tun asuba, haka ɗan dako a Kwanar Gafan, haka mai awo a kasuwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 mutanen nan ke ciyar da birane da shinkafa da tumatir da alkama da albasa. Doka ta ce inshora tilas ce a kansu, amma ba ta gina musu ƙofar da ta yi daidai da su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko wanda ya sami katin ma da sauran tafiya. Tsarin inshora ya ce sai ka fara zuwa ƙaramin asibitin da aka rubuta ka, a ba ka takardar turawa, sa'an nan ka ga likitan haƙori. Likitocin haƙori kuwa birni suka taru. Daga Kura zuwa Kano kimanin mil 20 ne, daga ƙauyukan Bunkure ya fi haka. Kuɗin mota ba ya cikin kati, yinin da aka bar gona ba ya cikin kati.

Kada wani ya ce ai ciwon baki ba ya kisa. Akwai cutar nan mai zaizaye leɓe da kumatun yara, wadda likitoci ke kira noma, ba noman gona ba. Daga kumburin dasashi ta ke farawa a bakin yaron da yunwa ta raunana. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, a watan Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. In an gan ta da wuri, magani kaɗan ke tsai da ita.

Saboda haka ga abin da mu ke nema.

Na ɗaya, a bar manoma su biya kuɗin inshora da kaka, ta hannun ƙungiyoyinsu na masu amfani da ruwa, 'yan kasuwa kuma ta hannun ƙungiyoyin kasuwa, kaɗan kaɗan, da rasit. Wanda ya san hanyar karɓar kuɗin ruwa a bakin gona ya san hanyar kai kati.

Na biyu, a ƙirga gida yadda ya ke, da matansa da 'ya'yansa.

Na uku, a fassara jerin abin da kati ke biya da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar kowane asibiti, a karanta a rediyo, domin kada a ce wa mai kati "wannan ba ya ciki" shi kuwa bai san gaskiya ba.

Na huɗu, a liƙa sunayen waɗanda aka rubuta cikin masu rauni a fili, mazaɓa mazaɓa. Katin asibiti ba katin jam'iyya ba ne.

Na biyar, a sa kujerar haƙori da ma'aikacinta da kayan aiki a kowace ƙaramar hukuma, a kuma riƙa zagaya ƙauyuka ran kasuwa ana duba bakin yara.

Ku kuma 'yan'uwa, akwai naku aikin. Mai ciki da mai yaro ƙarami da mai tsoho a gida, ku je asibitin mazaɓarku ku nemi a rubuta su, ku ce a karanta muku abin da katin ke biya a yau. In an hana, ku zo ofishin reshe mu rubuta muku takardar kuka, ba a biyan ko kwabo. Ku riƙe asuwaki safe da dare, ku rage wa yara alewa. Wanda ya ga kumburi a ƙunci da zazzaɓi kada ya kwana biyu yana jiran kanumfari.

Iyayenmu 'yan Sawaba sun soma kukan talaka a Kano a 1950, aka yi musu dariya, aka ɗaure su. A 1979 aka soke haraji da jangali a jihar nan. Abin da aka nema da baki ɗaya a kan same shi ko an daɗe. Shugabannin rassa su kawo wannan magana a taron mako mai zuwa, kowane reshe ya aiko mana da adadin gidajen da ba su da kati.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.

Akawun Reshe, Kura