Horon Zuciya Gaba Yake Da Horon Jiki

Jama'a, samarin zamanin nan sun duƙufa ga wasanni, daga ƙwallo har dambe da kokawa da guje-guje. Da sassafe suna gudu a bakin hanya, da la'asar suna fage. Wannan abin yabo ne. Amma akwai wani sashe na horo da aka bari baya, watau horon zuciya. Jiki doki ne, zuciya ce mahayinsa. Kadan mahayi ya firgita, ƙarfin doki ba ya hana shi faɗuwa.

A dubi abin da ya sami Barazil a shekarar 2014. Suna cikin ƙasarsu, gaban jama'arsu, Jamus ta zuba musu ƙwallo huɗu cikin minti shida, aka tashi 7 da 1. Ƙafafunsu lafiya lau, natsuwa ce ta kuɓuce musu. A dubi kuma samarin Nijeriya a wasannin Olamfik na Atlanta a shekarar 1996. Barazil tana gaba da 3 da 1, abin da ya rage na lokaci bai kai minti 15 ba. Ba su karaya ba. Suka rama ɗaya, Nwankwo Kanu ya rama ta uku dab da tashi, sa'an nan ya ƙara wata cikin ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Daga nan suka ci Ajantina 3 da 2, suka ɗauko lambar zinariya.

To, irin wannan dakewa koyonta ake yi. Masana sun bayyana hanyoyi. Ta fari, yaro ya saba da jan numfashi a hankali sa'ad da gabansa ya faɗi, har bugun zuciya ya lafa. Ta biyu, ya zauna shiru kafin wasa, ya suranta cikin ransa yadda zai tsaya da yadda zai buga, ya yi ta maimaitawa kamar mai hadda. Ta uku, ya yanka wa kansa ƙaramin buri na kowane mako, wanda zai iya aunawa. Ta huɗu, in ya yi kuskure ya bar shi inda ya faɗi, ya fuskanci abin da ke tafe. Duka sai an dinga yinsu kullum, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Hatsarin sakaci da wannan babba ne. Yaron da ba a koya masa maganin tsoro ba, shi zai nemo nasa, sau da yawa kuwa ƙwaya yake samu. Ta kore masa fargaba yau, gobe ta cinye lafiyarsa da hankalinsa da mutuncin gidansu.

Saboda haka akwai aiki a wuyan manya. Malamai sun fi kowa sanin yadda ake tara hankalin yaro wuri ɗaya, sai su taimaka da nasiha. Attajiran da ke sayen riguna da takalma domin ƙungiyoyin unguwa, lalle ne su tambayi mai horarwa abin da yake koya wa zukatan yaran. Iyaye kuma, in an ka da ɗansu a fage, kada su tarye shi da gori, su tambaye shi abin da ya koya. Samari kuwa su riƙa ware wa zuciya rabonta na horo kowace rana, yadda suke ware wa ƙafa da damtse.