Wa Ke Karantar Da Matasan Gobir?

Daga Sabon Birni har zuwa Isa, babu wani malami a yau da yake da yawan almajirai kamar wayar hannu. Malamin zaure yakan samu ɗalibinsa ne tsakanin Magariba da Isha'i, in an yi sa'a. Ita kuwa waya tana tare da shi a gona, a tasha, da kan shimfiɗarsa har barci ya sace shi. A shagon caji ake cika masa ita da finafinai a kan kuɗi ƙalilan: na Indiya da aka juya zuwa Hausa, na Amurka, na Kano, haɗe da tallace-tallacen da ke liƙe a jikinsu. Wanda duk ya ce wannan nishaɗi ne kawai, to bai san karatu ba, domin abin da ido ya yi ta maimaitawa kullum, zuciya sai ta haddace shi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Turawan mulkin mallaka sun riga kowa gane cewa hoto malami ne, shi ya sa suka riƙa yawo da majigi gari-gari suna koya wa talakawa irin noman da suke so da irin biyayyar da suke bukata. Bayansu gidajen silima suka cika da finafinan Indiya da na Sin, sannan kaset ɗin bidiyo ya shigo da gidajen kallo har ƙauye. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, kasuwar fim ɗin Hausa ta buɗe. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, amma wace hukuma ce za ta tace abin da ke cikin aljihun yaro a Gatawa ko Kurawa?

Adalci shi ne a faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai finafinan da ke nuna sakamakon cin amana, da haƙƙin iyaye, da sharrin auren dole. Matasa da dama sun fara jin sunan Umar Mukhtar ne daga fim ɗin da Mustafa Akkad ya shirya a kansa, wato malamin Alƙur'anin nan na Libiya da ya yi kimanin shekara 20 yana fafatawa da 'yan mulkin mallakar Italiya, har suka rataye shi a 1931. Amma mafi yawan abin da ake turawa a waya darussa uku yake koyarwa, kuma duk ukun guba ne a ƙasar da jini ke zuba.

Darasi na farko shi ne wai namiji shi ne mai bindiga. Jarumi yakan shiga sansani shi kaɗai ya karkashe mutum ɗari, a tafa masa. Ba a nuna matan mutanen nan ɗari, ba a nuna marayunsu, kuma da an gama ɗauka duk wanda aka harbe sai ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya karɓi ladansa. Mutanen Gobir kuwa sun ga harbin da ba a tashi. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamban 2021 aka tare motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni aka cinna mata wuta, fiye da mutum 20 suka ƙone. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta ga hoton bidiyonsa a ɗaure yana neman agaji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ita ce fuskar bindiga ta gaskiya, wadda mai fim yake yankewa.

Darasi na biyu shi ne ramuwar gayya. Tubalin finafinai da yawa ke nan: an kashe uban jarumi, ya girma, ya shafe gidan bos. Babu alƙali, babu shaida, babu bincike. Saurayin da aka kashe wa ɗan uwa, zuciyarsa na tafasa, in ya sha irin wannan karatu sai ya ga duk wanda ya yi kama da maƙiyinsa a harshe ko a shiga halal ne. Haka rikicin nan ya yi ta ruruwa, a kashe bafulatanin da bai ji ba bai gani ba a kasuwa, a zo a rama a kan bagobirin da bai ji ba bai gani ba a gona. Alhali Alƙur'ani ya bayyana a Suratul An'am cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Kare kai da iyali haƙƙi ne da Shari'a ta tabbatar, amma kisan wanda bai yi laifi ba zalunci ne, ko wane ne ya yi shi.

Darasi na uku na 'yan talla ne: arziki yanzu-yanzu. Mai tallan cacar ƙwallo yakan nuna mutum ɗaya da ya ci, ya ɓoye dubban da aka cinye. Da irin wannan romon baka aka yaudari jama'a a MMM a 2016, aka sake maimaitawa a CBEX a 2025. Kamfanonin taba sun shafe shekaru suna nuna ƙaƙƙarfan mahayin doki da sigari a baki, ba su taɓa nuna huhunsa ba, har sai da dokar 2015 ta taƙaita tallan taba a Nijeriya. Abin takaici, yanzu su kansu 'yan bindiga sun koyi sana'ar, suna fitowa a TikTok suna baza damman kuɗin fansa. Wannan ma talla ce, kuma hajar da ake nema ita ce yaron da zai zama ɗan kai rahoto, ya sayar da maƙwabcinsa a kan kuɗin babur.

Kada wani ya fahimci cewa fim ne ya kawo bala'in da ake ciki. Mahukuntan da suka bar talaka babu tsaro, babu makaranta, babu shari'ar adalci, har manomi ya koma biyan haraji ga ɗan ta'adda kafin ya girbe geronsa, su ne na farko da za su amsa tambaya gaban Allah. Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Matashin da aka bari babu abin koyi, dole ya ɗauko shi daga inda ya samu.

Kuma ƙasar Gobir ba ta rasa abin koyi ba. A cikinta Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekara 30 yana wa'azi da karantarwa kafin hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi. Ilimi da tarbiyya da haƙuri ne suka riga takobi. Mai fim ba ya son wannan ɓangare, domin shekara 30 ta karatu ba ta sayar da kaset.

Don haka wajibi ne matashi Musulmi ya riƙa yi wa duk abin da ya kalla tambayoyi uku: wa ya shirya wannan, me yake son sayarwa, me kuma ya ɓoye? Misali ɗaya ya isa. A 1988, lokacin da Amurka ke bukatar mujahidan Afganistan su yaƙar mata Tarayyar Sobiyet, fim ɗin Rambo na uku ya nuna su a matsayin gwaraza. Bayan 2001 sai masana'antar nan dai ta mai da mai rawani da gemu alamar ɗan ta'adda. Mutanen ba su canza ba, bukatar mai kuɗin ce ta canza.

Akwai nauyi a kan malamai su daina wadatuwa da cewa haram kawai, su zauna da samari su warware musu abin da suke kalla ɗaya bayan ɗaya. Akwai nauyi a kan masu shagon caji su ji tsoron Allah game da abin da suke zuba wa yara, su ƙi yaɗa hotunan 'yan ta'adda ko da kyauta ne. Matasan da Allah Ya ba fasaha kuwa, su ɗauki wayar nan su tattara labarin marayu da 'yan gudun hijirar da suka tsallaka yankin Maraɗi, domin ba a rasa wanda zai farka in ya gani.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ya tsare matasan Musulmi daga zama makamin azzalumai, Ya dawo da aminci ƙasar Gobir.