Hutun Teku A Gana: Manomi Ba Ya Cin Iri, Masunci Ma Haka

Watannin Yuli da Agusta, lokacin da damina ta kankama a wajenmu, Turawa kuma suke cikin bazararsu suna tururuwa bakin ruwa shan iska, su ne watannin da masuntan gaɓar tekun Gana suka fi ɗokin zuwansu. Daga Elmina zuwa Jamestown da ke Akra, daga Tema zuwa Keta, a lokacin ne kifi ke matsowa kusa da gaɓa. A daidai wannan lokacin ne kuma gwamnatin ƙasar ta riƙa cewa kowa ya naɗe tarunsa, a bar teku ya huta. Wannan shafi na ganin hutun ya dace, kuma ɗage shi daga kan masu kwale-kwale da aka yi a 2025 mataki ne da ya kamata a sake dubawa. Amma bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin ruwan kansa.

Gaɓar Gana, mai tsawon kilomita kusan 550, ruwan ɗumi gare ta, kuma ruwan ɗumi na saman teku ba ya ɗauke da abincin kifi sosai. Daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Satumba sai ruwan sanyi na can ƙasa ya taso sama, zafin ruwan ya sauka ƙasa da 25 a ma'aunin Salshiyos. Gari ya yi lumshi, igiyar ruwa ta ƙara ƙarfi, fita da kwale-kwale ta zama aikin mai ƙarfin hali. Ruwan da ya taso yana zuwa da sinadaran da suka daɗe kwance a ƙasa, kamar dai a zuba wa gona taki. Da sun haɗu da hasken rana sai ƙananan tsirrai da halittun da ido ba ya gani su yawaita, kifin sardin da 'yan uwansa ƙananan kifaye su biyo su garke-garke. Ana samun irin wannan tasowar ruwa a Disamba da Janairu, amma ba ta kai ta tsakiyar shekara ba. Shi ya sa Agusta ya zama kakar masunci.

To, ga inda gizo ke saƙar. Watannin da kifin ya fi yawa su ne kuma watannin da yake zuba ƙwai. Duk sardin ɗin da aka kama da cikin ƙwai, an kama shi ne tare da kifin baɗi. Da can, lokacin da jiragen ba su da yawa, teku na iya mayar da abin da aka ɗiba. Yanzu kwale-kwalen da ke gaɓar sun haura 12,000, yawancinsu da inji. Wasu na kunna fitila mai ƙarfi da dare don tara kifi wuri guda, wasu na amfani da taru mai ƙananan idanu da ba ya barin ko ɗan tsako, wasu har da nakiya, duk da cewa doka ta hana. Sakamakon a fili yake: sardin ɗin da ake saukewa ya faɗo daga sama da tan 130,000 a 1996 zuwa ƙasa da tan 30,000 a 2016.

Ba masu kwale-kwale kaɗai suka kai teku ga wannan hali ba. Akwai manyan jirage masu jan taru a ƙasan ruwa, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasa ne, amma suka koma kwasar ƙananan kifaye. Su daskarar da su, su sayar wa wasu kwale-kwale na musamman a tsakiyar teku, ciniki na ɓoye da mutanen wurin ke kira saiko. Binciken da ƙungiyar EJF ta yi tare da Hen Mpoano ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin tan 100,000 aka shigo da shi ta wannan hanya. Ita dai EJF ta kuma gano cewa yawancin jiragen, duk da tutar Gana da suke ɗauke da ita, masu su na ainihi kamfanonin ƙasar Sin ne. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi, karo na biyu ke nan, saboda sakaci wajen hana kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba.

Maganar hutu kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin masuntan. Tun kaka da kakanni, a garuruwa da yawa na gaɓar ba a fita su ranar Talata. A Elmina ana hana kamun kifi a tafkin Benya na wasu makonni, sai ranar bikin Bakatue, Talatar farko ta watan Yuli, a buɗe. Duk wanda ya san yadda ake tsare ruwan Matan Fada a Argungu har zuwa ranar biki ya san wannan hikimar. Abin da gwamnati ta yi shi ne mayar da ita doka. Ta yi yunƙuri a 2018, masunta suka yi ca, aka ɗage. Aka yi na farko ga masu kwale-kwale a 2019, annobar korona ta hana na 2020. Daga 2021 aka tsayar da wata guda, Yuli, ga masu kwale-kwale, wata biyu kuma, Yuli da Agusta, ga manyan jirage. A 2025 sabuwar gwamnatin Shugaba John Mahama ta cire masu kwale-kwale daga hutun, ta bar shi kan manya da matsakaitan jirage.

Gaskiya ne masu kwale-kwale na da hujja. Mutumin da sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa, ka ce masa ya zauna kwana 31, ai ba ƙaramin abu ka ɗora masa ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Matan da ke banda a Chorkor, masu dako, masu gyaran taru, masu sayar da itace, duk sai kasuwarsu ta tsaya cak. Shinkafa da man girkin da aka riƙa rabawa ba za su biya kuɗin makaranta ko bashin mai ba. Sannan suna da ikon su yi tambaya: mu da muke ɗiba da cokali aka ce mu tsaya, su masu ɗiba da ƙwarya fa? Idan saiko ya ci gaba bayan an buɗe teku, an bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Duk da haka, cire su daga hutun bai warware matsalar ba. Sardin ɗin da ake ƙoƙarin ceta, masu kwale-kwale ne suka fi kama shi. Idan aka tsayar da manyan jirage su kaɗai, aka bar dubban taru suna bin kifi mai ƙwai a watan Yuli, an rufe ƙofar gida ne an bar katanga a rushe. Manomin da yunwa ta matsa masa ya ci irin shukarsa zai ƙoshi yau, amma damina na zuwa. Wanda ke ƙaunarsa sai ya ba shi hatsin da zai ci, ya bar masa irin a rumbu.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a dawo da hutun ga kowa, amma da adalci. A yi wa masunta da mata masu banda rajista ta gaskiya, a tura musu tallafin kuɗi kai tsaye ta waya kafin 1 ga Yuli, ba bayan an yi rabin wata ba. Gwamnati na kashe kuɗi wajen rangwamen man injin kwale-kwale, ana iya karkatar da wani kaso zuwa wannan tallafi. Dokar kamun kifi ta 2025 ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 na teku zuwa 12. Madalla, amma doka a takarda ba ta korar jirgi, sai da sintiri, da hukunci mai zafi, da ƙwace lasisi. Mai fitila da mai nakiya su ma kada a ɗaga musu ƙafa don suna da ƙuri'a. Sannan kifi bai san iyaka ba. Kwaddibuwa ta fara nata hutun a 2023, kuma akwai kwamitin kamun kifi na ƙasashe shida mai ofis a Tema, wanda Najeriya ke ciki. Nan ne wurin da ya kamata a daidaita kalanda.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa da yawa. Kusan kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki na nama da ake ci a Gana daga kifi yake, kuma sardin shi ne naman talaka. 'Yan uwanmu na Nima da Sabon Zango da zangunan Kumasi da shi suke miya, da shi ake yin shito, yajin da ake zuba wa shinkafa da wake a bakin titi. Bandarsa kan yi tafiya har Tamale da Bolgatanga. In ya yi tsada, mai sayar da abinci ce za ta fara ji, sai ɗalibi irinmu. Akwai kuma darasi daga Senegal, inda kifi ya ragu har kwale-kwalen su suka koma ɗaukar samari zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya, wasu su isa, wasu teku ya cinye su.

Mu matasa, musamman masu koyon aikin jarida, muna da abin yi. Labarin teku ba na ranar biki kaɗai ba ne. Idan Yuli ya zo, a tambayi hukuma jirage nawa aka kama da laifi, nawa aka ci su tara, su wa suka karɓi tallafi, kuma tan nawa aka sauke bana idan aka kwatanta da bara. Da waɗannan amsoshin ne za a gane ko cire masu kwale-kwale daga hutun ya taimake su, ko kuwa kifin 'ya'yansu aka ba su bashi suka ci.